Ranar da Kafinta Ya Zo Ba Gemu

"Auta, in dai ni na haife ki, mai shan taba ba zai taka min falo da sunan neman aure ba. Na faɗa, na kuma maimaita!"

Umma ce take magana, tana ninke kayan wanki da ƙarfi kamar su suka yi mata laifi. Auta na durƙushe a gefen kujera, ko jakarta ba ta ajiye ba tun da ta dawo daga makarantar da take koyarwa, hawaye sun riga sun jiƙa mata bakin mayafi.

"Umma, ya daina. Wallahi ya daina."

"Ya daina! Allah sarki, yarinya. Wannan kalmar na fi ki saninta, da ita na tsufa."

Ta nuna Baba da haɓa. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, da farin ƙyalle a wuyansa. Tun da likitoci suka yi masa aiki suka cire abin da taba ta ɓata a maƙogwaronsa muryarsa ta tafi, ta wani ɗan rami a wuya yake numfashi. Mutumin da a da in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji, yanzu in yana son a kula shi sai dai ya ƙwanƙwasa hannun kujera da zobensa.

Me Auta za ta ce? Da idonta ta ga jinyar da Umma ta yi, ta ga yadda ta rame ta ƙanjame a asibiti. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ita kuma ba yarinya ba ce, babu mai aurar da ita dole, amma ta riga ta ɗaukar wa kanta alkawari ba za ta shiga gidan kowa ba sai da albarkar uwarta. Ga shi zuciyarta ta kafe a kan Kafinta, ta ƙi motsi.

"Ga Mai Kemis," in ji Umma, "yaro mai tsabta, mai natsuwa, ko hayaƙin girki ba ya so. Shi yake kawo wa Babanki magani da auduga har gida. Shi ya gaya min wannan naki kullum yana shagon aski cikin mashaya. Aikin katakon ma yaushe yake yi?"

"Umma, shagon nan ba yadda kike zato ba ne, ki bari in yi miki bayani..."

"Kada ki kawo min zancen shagon nan! Ban son ji."

Kullum a nan maganar take tsayawa, kuma abin da Umma ta ƙi saurare ba wani abin ɓoye ba ne. Mai Aski dai sananne ne a gidan, shi yake zuwa duk mako ya gyara wa Baba fuska. Ranar da ya fara ɗaga ƙyallen nan ya ga ramin, da ya koma shago ya kwashe kwalin tabarsa ya zuba a shara. Daga baya ya ajiye wata tsohuwar kujera a lungun shagon, wadda ba ta masu aski ba ce. Duk wanda yake son dainawa, in abin ya taso masa, ya baro abin da yake yi ya zo ya zauna, ba sai ya ce komai ba. Mai Aski zai rufe masa fuska da tawul mai ɗumi ya cika shi da surutu, direba da tela da maigadi da duk wanda ke wurin su taya da tsokana, har abin ya lafa ya koma bakin aikinsa.

Ƙa'idarsu ɗaya ce. Daga ranar da mutum ya ajiye taba, reza da almakashi ba sa taɓa gemunsa. In kuwa tsautsayi ya sa ya sha, ko da zuƙa ɗaya ce, da ƙafarsa zai zo a aske shi tas, ya sake sabon lale. Babu faɗa, babu gori, kuma ba a barinsa shi kaɗai sai ya dawo hayyacinsa. Mai Aski yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska, don haka su ba sa tambayar kowa. Baba ya san duk wannan, don a kansa ake zuba labarin duk mako. Umma ce kawai da ta ji sallamar Mai Aski take shigewa kicin.

Ƙwas, ƙwas. Zoben Baba ne a kan kujera.

Suka juya. Ya nuna ƙofa, ya yafito da hannu, sannan ya nuna tabarmar da ke gabansa. Ya kafe Umma da ido har sai da ta kau da kai.

"To, na ji," ta ce da ƙyar. "Ya zo ranar Asabar da yamma. Amma ki buɗe kunnenki da kyau. Na ji warin taba a jikinsa, ko na ji labarin ya sha, magana ta ƙare, Mai Kemis ya turo manyansa. Kuma ki ce masa ya zo kamar mutum. Gemu abu ne mai kyau, amma ba irin nasa buzu-buzu da bai san almakashi ba. Ya aske shi."

Washegari da aka tashi makaranta Auta ta biya ta shagon katako. Ta same shi yana yanka da zarto, fensir saƙale a bayan kunne, a daidai inda karan sigari yake zama a da. Duk gindin fensirin ya sha tauna. Gemun kuwa ya cika ya tumbatsa, dusar katako ta yi masa furfurar ƙarya.

"Malama da kanta? Yau na yi farin gani."

"Umma ta ce ka zo ranar Asabar."

Zarton ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya goge tafin hannunsa a wando.

"Da gaske? Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta. Baba ne ya sa baki." Ta yi dariya da ta ji abin da ta ce, shi ma ya yi.

"Ina tsoron matar nan, Malama. Wallahi ko maigidan da ya koya min aiki ban ji tsoronsa haka ba."

"Ba ta cin mutane. Ka dai zo."

Saƙon aski kuwa ta haɗiye shi, ko da wasa ba ta faɗa ba. Ta san wahalar da aka sha kafin gemun nan ya kai haka. Ta san ranakun da yake barin aiki a tsakiya ya ruga shagon aski yana gumi, ta san yadda mutanen nan suka riƙe shi kamar ɗan uwansu na jini. Gara Umma ta yi mita a kan gemu, ita ta san yadda za ta lallashe ta.

Ranar Asabar, tun kafin baƙon ya iso sai ga Mai Kemis da ledar magani, yana ƙamshin turare. Wai hanya ce ta biyo da shi. Hanya! Ya samu kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, babu alamar tashi.

Auta na fitowa daga kicin da tiren shayi aka yi sallama. Ta ɗaga kai, gabanta ya yanke ya faɗi.

Kafinta ne a bakin ƙofa cikin fararen kaya, fuskarsa fes, ko gashi ɗaya babu. Inda gemun yake ya yi haske ya bambanta da sauran fatar, ga ɗan yankan reza a haɓa. Ta taga ta hango Mai Aski da wani direba sun zauna a kan benci a ƙofar gida. Sun rako shi, ba su bar shi shi kaɗai ba. Ba ta buƙatar wani ya yi mata bayani, ya sha.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, bai yarda ya dubi inda Auta take ba.

"A'a!" in ji Umma, ta riƙe haɓa. "Ashe dai kana da fuska? Ikon Allah!"

Ta tashi wai za ta gyara labule, ta bi ta bayansa a hankali tana jan hanci. Auta ta san wannan tafiyar, tun tana ƙarama take ganin ana yi wa Baba ita. Babu abin da Umma ta ji sai sabulu da ɗan ƙamshin katako. Ta koma ta zauna, fuskarta ta saki yadda Auta ta daɗe ba ta gani ba.

Ta tambaye shi iyayensa, ta tambaye shi aiki, ya amsa a natse da ladabi. Har dariya ta yi da ya ce ƙafar teburinsu ɗaya ta gaza, in an yarda zai zo ya gyara. Mai Kemis sai gyara zama yake yi yana duba waya.

"Ka ga, ɗana," Umma ta ce, "ni ba mutuniyar wahala ba ce. Na aika a ce ka aske gemun nan, ka aske. Yaron da ya ji maganata tun ba a je ko'ina ba, ai ba a rasa alheri a tare da shi."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta saci kallon Baba, ta tarar ita yake kallo. Shi ma ya karanta fuskar. Su uku a falon sun san abin da ake ciki, wadda hukunci ke hannunta ce kaɗai ba ta sani ba.

Sai a lokacin Kafinta ya ɗago suka haɗa ido. Allah ya gani, ba don ta saba ƙarya ba, amma Auta ta girgiza masa kai kaɗan, tana roƙonsa a zuci. Ka yi shiru. Don Allah ka yi shiru, ba kai ka ce mata komai ba, ita ta yi zatonta. In an wuce yau sai a gyara gobe.

"Saboda haka," in ji Umma, "ka je ka gaya wa manyanka su..."

"Umma, ki gafarce ni, kafin ki ƙarasa," in ji Kafinta.

Umma ta juyo ta dube shi.

"Saƙonki bai iso ni ba. Ba don shi na yi aski ba." Ya gyara zama ya ci gaba. "A shagon da muke haɗuwa, wanda ya daina taba ba ya aske gemu. Wanda kika gani an aske, to ya koma ya sha ne. Jiya da rana ina neman ƙusa a akwatin kayan aiki na tsinci wani tsohon kara a ƙasa. Tunanin zuwa gabanki ya hana ni sukuni, na kunna. Babu wanda ya sa min ita a baki, ni na sha. Ban kai rabi ba na yar, na tafi aka aske ni."

Auta ta ajiye tiren a ƙasa don kada ya suɓuce, ta fashe da kuka.

"Ai na faɗa miki, Mama," in ji Mai Kemis, faɗuwa ta zo masa daidai da zama. "Hali zanen dutse ne. Irin waɗannan..."

"Ɗana, na gode da magani," Umma ta katse shi ba tare da ta dube shi ba. "Ka gaida gida. Maganar nan ta cikin gida ce."

Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Umma ta kalli Kafinta, sannan ta juya ga 'yarta.

"Kin sani?"

"Na sani, Umma, tun da ya shigo."

"Kuma kika yi shiru. Kina kallo zan ba da ke a kan abin da ba haka ba."

Auta ta rarrafa ta kama ƙafarta. "Ki yafe min, Umma. Tsoro na ji. Na ga kin yi masa dariya, na ce yau wahalata ta ƙare. Wallahi ina son sa, ban san yadda zan yi da raina ba. Kin ga dai yadda ya yi, da bakinsa ya rushe abin da ya fi so a duniya. Ki dube shi, Umma, ki tausaya mana."

"In tausaya muku? Ni wa ya tausaya min?" Hawaye suka ɓalle wa Umma. "Kin san abin da ya fi ci min rai a zamana da Babanki? Ba warin ba ne, ba tarin ba ne. Shekara da shekaru ina ɗaga rigarsa ina shinshinawa, ya ce hayaƙin abokai ne. In tsinci ashana a aljihunsa, ya ce ta kunna fitila ce. Ya cika baki da minti ya shigo min yana murmushi, ya rantse ya daina. Har na fara zaton hancina ne yake min ƙarya, na koma kamar mahaukaciya a gidana. Ban san gaskiya ba sai ranar da likita ya zaunar da ni. Shi ne kike so in miƙa ki ki ɗora daga inda na tsaya?"

Kafinta ya sunkuyar da kai ya yunƙura zai tashi.

"Na gode da kika saurare ni, Umma. Kin yi gaskiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Baba ya yafito shi. Kafinta ya matsa ya durƙusa a gabansa. Tsohon ya kama hannunsa, ya ɗaga farin ƙyallen da ɗaya hannun, ya kai yatsun saurayin daf da ramin. Numfashi mai ɗumi yana fita yana taɓa su, yana komawa. Ya riƙe shi a haka, bai sake shi da wuri ba. Kafinta, ƙato da shi, ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka kamar yaro.

Sannan Baba ya miƙa hannu ya kamo gefen zanen Umma. Ya dafa ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai alamar neman gafara. Ba ta fizge ba. Ta tsaya tana share ido da bayan hannu, can ta ja numfashi ta leƙa taga.

"Kai, Mai Aski! Na gan ka, shigo. Kullum kana gidan nan, ka rasa bakin gaya min abin da kuke yi a shagon?"

Ya shigo yana cire takalmi, furfurar gemunsa har ƙirji. "Hajiya, ai da na yi sallama sai in ji ƙarar tukunya a kicin. Da wa zan yi magana?"

"Wannan zai daina kuwa? Ka gaya min tsakaninka da Allah."

"Ban san gaibu ba, Hajiya. Ni da kike gani, ba sau ɗaya ba na aske kaina da hannuna kafin wannan ya tsaya. Abin da na sani, jiya da gudu ya zo, ko shagonsa bai kulle ba. Na ce masa gobe fa za ka gidan surukai, a bari sai jibi mana, wa zai sani? Ya ce a aske. Mu dai abin da muke yi, in abin ya taso wa mutum ya zo, sai mu rufe masa fuska da tawul mai ɗumi, mu cika shi da surutu har ya lafa. Muna tare da shi, yau ma tun safe direba bai fita aiki ba saboda shi."

Auta ta ɗago ta dubi tsohon. Ita ba ta haɗa komai da shi ba, shi ma bai haɗa komai da Kafinta ba, amma ga shi ya rufe shago ya zo ya zauna a benci cikin rana. Godiya ta cika mata ƙirji, ta ce, "Allah ya saka muku da alheri, Baba Mai Aski. Allah ya biya ku."

"Amin, 'yata. Ki daina kuka, gashi ne, fitowa yake yi."

Umma ta dubi Kafinta, wanda har yanzu yake durƙushe.

"Kai. In abin ya sake taso maka, ka tarar shagon a rufe, ina za ka?"

Ba ta jira amsarsa ba ta ci gaba.

"Ka zo nan. Ka zauna a gaban Babanta ka kalle shi. Tawul da ruwan ɗumi ba su gagare ni ba, surutu kuwa na fi Mai Aski." Ta ɗaga yatsa. "Amma maganar manyanka ka ajiye ta. Sai na ga gemu da idona, kuma ni zan ce ya isa."

Auta ta ƙanƙame ƙafafunta tana kuka tana dariya. "Na gode, Umma! Na gode, Allah ya bar mana ke!"

"Sake ni, ja'ira, ban ce na yarda ba. Ke ma akwai sauran magana tsakanina da ke." Ta sunkuya ta ɗauki tiren, ta taɓa butar. "Shayin ma ya huce."

Ta nufi kicin. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, muryarta ta yi ƙasa.

"Duk tsawon rayuwata, wannan ne mai shan taba na farko da ya dubi idona ya ce min ya sha." Ta gyara riƙon tiren. "Auta, kira direban nan ya shigo daga rana. Ki ƙaro kofi biyu."